Salular ci-rani: uwa ke da ita, yaro ke riƙe da makulli

Idan motocin ƴan ci-rani suka fara sauke fasinja a tashoshin Tawa, Maradi da Damagaram gabanin damina ko daf da Sallah, akwai tsarabar da ba kasafai ake rasa ta cikin jaka ba. A da rediyo ce da agogo da turmin atamfa. Yanzu salula ce, Tecno ko Itel ko Infinix, wani lokaci sabuwa dal cikin kwalinta, wani lokaci kuma wadda mai gida ya gama yayinta a Abijan, Legas, Tamanrasset ko Sabha. Wanda bai samu zuwa gida ba yakan ba ɗan garinsu ya kawo. Manufar a fili take: a riƙa jin muryar juna, a ga fuskar jaririn da aka haifa bayan tafiya, a san ranar da kuɗin cefane suka shigo.

Da suna, salular ta uwar gida ce. A aikace kuwa, ba a yin mako guda sai ta koma hannun yaron gidan da ya iya karatun boko, ɗan shekara 11 ko 13, ko ƴar da ta shiga kwaleji bana. Shi ke saka mata kod, shi ke buɗe WhatsApp, shi ke karanta saƙon Faransanci da ke nuna an turo kuɗi ta Nita ko Amana, shi ake aika sayen kiredi da forfe, shi ke kai ta caji idan babu kuran. Bayan isha'i uba ya kira, a gaisa, a yi hirar gero da taki da kuɗin makaranta, a yi sallama. Uwa ta shiga ɗaki ta kwanta. Salular kuma ta kwana a kan tabarmar yaro, da sauran mega a cikinta.

Mafi yawan shawarwarin da ake bayarwa game da kare yara a intanet an tsara su ne domin gidan da iyaye suka fi ɗansu sanin na'urar, kuma yaron yana da tasa ta kansa da za a iya kullewa. A gidaje da dama na Nijar abin a juye yake. Kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Manyan da suka iya karatu da rubutun boko ba su kai huɗu cikin goma ba, adadin kuma ya fi ƙasa a tsakanin mata. Masu amfani da intanet ba su wuce mutum ɗaya cikin huɗu ba, amma wannan lissafi ba ya ƙirga hannayen da salula guda ke bi kafin gari ya waye. Ma'ana, wanda ya fi kowa iya salular a gida shi ne wanda ya fi buƙatar a sa masa ido, kuma babu mai iya dubawa ya gane abin da yake yi.

Tsohuwar salular yaya

Matsalar kan fara tun kafin salular ta baro ƙasar waje. Matashin da ya sayi sabuwa a Aljeriya ko Gana yakan zare layinsa kawai ya aiko da tsohuwar. Asusunsa na Google yana nan a ciki, da shekarun haihuwarsa na baligi. TikTok da YouTube sun riga sun koyi irin bidiyon da yake daɗewa yana kallo cikin kaɗaicin zaman baƙunta, kuma irinsu za su ci gaba da jerowa ga duk wanda ya buɗe. Hotunan da aka turo cikin gurup-gurup na abokai suna nan a ma'ajiya, don WhatsApp yana sauke su da kansa in ba a hana shi ba. Ƙanen da ya karɓi salular ya gaji wannan duka a rana ɗaya, ba tare da ya nemi komai ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. A rumfunan caji na kasuwanni da tashoshin mota, daga Kasuwar Dole ta Damagaram zuwa Katako a Yamai, ana loda wa mutane waƙoƙi da finafinan Hausa da na Indiya da wa'azi a katin memwar kan ƴan daloli. Akasarin masu wannan sana'a abincinsu suke nema da halal. Sai dai ba kowa ke duba shekarun wanda ya miƙo katin ba, kuma abin da ya shiga salula ɗaya yana iya zagaye aji guda cikin hutun tara ta Xender ko Bluetooth. Babu manhajar tacewa da ke ganin wannan, domin bai bi ta rezo ba.

Kamfanonin da kansu sun gindaya shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu a Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp. TikTok ya ƙara da wasu matakai: ƴan ƙasa da 16 ba sa iya aikawa ko karɓar saƙon sirri, asusunsu a rufe yake tun farko, sai mai shekara 18 ke iya fitowa kai tsaye, kuma tun 2023 an sa wa ƴan ƙasa da 18 iyakar minti 60 a rana, wadda sai an shigar da lamba a wuce ta. Duk waɗannan sun rataya ne a kan abu guda, wato ranar haihuwar da aka rubuta lokacin buɗe asusun. A rumfar mai gyaran salula, inda ake buɗe wa jama'a asusu cikin minti biyar, shekarar da ta fara faɗo wa mai latsawa ita ake sakawa. Yarinya ƴar 12 sai ta tashi da shekara 25 a rajistar kamfanin, ƙofofin da aka gina domin kare ta kuma su buɗe gaba ɗaya.

Daga kiredi ake farawa

Yadda baƙo ke kusantar yarinya a salula bai cika canzawa ba. Ya samu lambarta a wani gurup na makaranta, na masoyan wani mawaƙi ko ma na karatun addini, inda kowane mamba ke ganin lambar kowa. Ya fara da sallama da ladabi. Ya turo kiredin dala ɗari, gobe ya sayo forfe. Ya saurari ƙorafinta game da aikin gida da faɗan kishiyar uwa, abin da wataƙila babu wanda ya taɓa zama ya saurara. Bayan makonni sai ya nemi hoto da hijabi, daga nan ba hijabi, daga nan abin da ya fi haka, tare da rantsuwar cewa saƙon irin wanda ake gani sau ɗaya ne ya ɓace. Gaskiya ne WhatsApp yana da wannan tsari, amma babu abin da ke hana mutum ɗaukar fuskar salular da wata salular. Ranar da ta ce a'a, muryar ta canza: ko ta ƙaro, ko ta zo inda ya ce, ko kuma hoton ya isa ga babanta da gurup ɗin unguwa.

Samari ma ba su tsira ba, nasu tarkon dai kuɗi yake nema. Asusu mai hoton budurwa ya turo buƙatar abota, hira ta yi daɗi cikin dare guda, a yi musayar hotuna, kafin asuba sai ga jerin sunayen ƴan'uwa da abokan yaron an turo masa tare da lambar da zai tura kuɗi. Wannan ba labarin nesa ba ne. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. A watan Satumbar wannan shekarar wata kotu a Amurka ta yanke wa wasu ƴan'uwa biyu daga Legas ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani ɗalibi ɗan shekara 17 a jihar Michigan ya kashe kansa a 2022, sa'o'i kaɗan da fara yi masa barazana. Masu wannan aiki sun fi farautar yaran ƙasashen masu kuɗi, amma dabarar ta riga ta bazu, kuma mai yi da Hausa ba ya buƙatar dala ta Amurka, jika biyar ma ta ishe shi.

A gidan ɗan ci-rani akwai ƙarin abin da ake hari, wato kuɗin da ke bi ta salular. Wani ya kira da murya irin ta ma'aikaci, ya ce daga kamfanin sadarwa ko na aika kuɗi yake, an ci kyauta ko an yi kuskuren turo wani saƙo, a karanto masa lambobi shida da suka shigo yanzu. Yaron da aka horar da girmama manya ba ya musu da babba, sai ya karanto. Lambobin nan su ne makullin WhatsApp ɗin gidan. Daga nan ɓarawo ya zama shi ne uwar gida a idon duk wanda ke da lambar, ya rubuta wa mijin da ke Libiya da ƴan'uwa na Kano cewa an kwantar da yaro asibiti, a turo da gaggawa.

Sauran hanyoyin zubar kuɗin ba su da hayaniya. Wasanni irin su Free Fire suna haɗa yaro hira da murya da mutanen da bai sani ba, suna kuma sayar da kayan wasa da kuɗin gaske. Cacar ƙwallo, wadda a da sai an je rumfa a tsaya a idon jama'a, yanzu tana cikin aljihu. Uwa ta ga kiredi na ƙarewa da wuri, ta ɗora laifin a kan kamfani.

Wanda ya tura gaba

Idan hoton yarinya ya fita, hukuncin unguwa ya fi na kotu sauri, kuma a kanta yake sauka. A ƙasar da binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, mafita ta farko da ke zuwa wa iyali ita ce a cire ta daga makaranta a nemo miji, ko a tura ta ƙauye wurin dangi har ƙura ta lafa. Akwai dokar gwamnati ta ranar 5 ga Disamban 2017 da aka yi domin kare ƴa mace da tallafa mata ta ci gaba da karatu, amma takarda ba ta hana gori a bakin famfo. Wanda ya yaudare ta kuwa sau da yawa ko sunansa na gaskiya ba a sani ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, mutum guda ba ya iya watsa hoto a gari. Sai da ɗaruruwan yatsu. A fada, tsakanin shayi na farko da na biyu, wani ya ce a turo masa ya gani, wani ya tura wa gurup da sunan jan kunne ko neman a yi addu'a, wani ya kai wa abokai na ƙasar waje. Kowannensu yana ganin shi ɗan kallo ne. Doka ba ta ganin haka. Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta haramta haɗawa da yaɗawa da ma ajiye hotunan batsa na yara. Gyaran da aka yi mata ranar 7 ga Yunin 2024 ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 ga mai yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a ko ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Ƙungiyoyin ƴan jarida sun soki wannan gyara saboda yadda za a iya amfani da shi a kan masu faɗar albarkacin baki, kuma sukar tana da tushe. Amma a batun bidiyon ƴar shekara 14, babu wata muhawara: mai turawa gaba yana cikin laifin.

Kunya da bulala

Mai barazana ba shi da makamin da ya wuce tsoron da yaro ke yi wa gidansu. Ya san cewa a gidan Bahaushe akwai maganar da ɗa ba ya yi da uba, ya san akwai uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta kamawa, balle su zauna zancen tsiraici. Ya kuma san abin da zai biyo baya idan magana ta fito: duka, ƙwace salula, da kiran mai gida a ƙasar waje a shaida masa. Muddin yaro ya fi tsoron bulalar gida a kan baƙon da ke cikin salula, zai yi shiru ya biya, ko ya ƙara turawa.

Sai dai al'adar da ta sa kunya tsakanin ɗa da mahaifi ita ce kuma ta buɗe wasu ƙofofin. Akwai kaka da ake wasa da ita, akwai goggo da inna da kawu, akwai taubashi, akwai yaya da ya girme shi da shekara biyar ko bakwai wanda ya san TikTok kamar tafin hannunsa. Waɗannan su ne yaro ke iya gaya wa abin da ba zai iya kallon idon uba ya faɗa ba. Gidajen da abin ke zuwa da sauƙi su ne inda aka riga aka nuna wa yaro mutum guda aka ce, duk abin da ya faru a salula, ko da shi ne ya yi kuskure, ya je wurin wane, ba za a doke shi ba. Alkawarin yana da wuyar cikawa ranar da abin ya auku. Idan aka saɓa sau ɗaya kuma, ƙannen da ke kallo sun koyi darasi.

Ƙwace salular baki ɗaya shi ne matakin da ya fi saurin zuwa a zuciya, kuma wasu ƙasashe sun bi hanya mai kama da haka. Faransa ta yi doka a 2023 da ke neman izinin iyaye kafin ɗan ƙasa da 15 ya shiga shafukan zumunta. Ostareliya ta amince a ƙarshen 2024 da dokar hana ƴan ƙasa da 16 mallakar asusu, ta ɗora nauyin a kan kamfanoni. A Maradi ko Tawa, inda salula ɗaya ke yi wa gida guda aikin gidan waya da banki da rediyo, kuma yaron ne ke sarrafa ta, hanin ba ya zama. A cikinta ake turo darasi a gurup ɗin aji, a cikinta yake sauraron ƙira'a yana gyara hadda. In an hana shi ta gida, zai ari ta aboki a bayan makaranta, inda babu mai gani sam.

Kafin a sa ta cikin jaka

Aiki mafi sauƙi yana hannun mai aikowa. Minti goma sun isa a goge salula a maido ta yadda ta fito daga kamfani, a cire tsohon katin memwar. Idan ta iso, wanda zai buɗe asusun ya zama babba ne na gida, kuma in asusun na yaro ne a rubuta shekarunsa na gaskiya, domin wannan kaɗai ke tada matakan kariyar da kamfanonin suka tanada. A WhatsApp akwai wurin da ake zaɓar cewa sai wanda ke cikin lambobin gida ne zai iya saka mutum a gurup ko ya ga hotonsa, akwai na hana kiran baƙuwar lamba yin ƙara, akwai na hana hotuna sauka da kansu. Akwai kuma lambar sirri ta biyu mai alƙaluma shida, wadda in an saka ta, ko yaro ya karanto wa ɓarawo saƙon farko ba zai iya shiga nan take ba. Wannan lamba wurin uwa ya kamata ta zauna, ko da a ka ne, kamar yadda take riƙe lissafin adashi ba tare da takarda ba.

Manhajar Family Link ta Google kyauta ce, tana ba babba damar sa lokacin da salular yaro za ta kulle da dare, da amincewa ko ƙin duk manhajar da zai sauke. Sai dai ƙa'idar Google ita ce ƴan rukunin iyali su kasance a ƙasa ɗaya, don haka ta fi dacewa da yaya ko kawun da ke gida a kan uban da ke Abijan. Ba ta kuma nuna abin da ake faɗa a WhatsApp. TikTok ma yana da tsarin haɗa asusun babba da na yaro. Ga uwar da ba ta karanta Faransanci, akwai abin da ya fi waɗannan duka aiki kuma ba ya buƙatar boko: salula ta kwana a ɗakinta, a yi kallo a tsakar gida da murya a buɗe, ba da abin kunne cikin bargo ba. Ba ta iya karanta saƙo, amma tana jin bokal, tana kuma gane muryar namijin da ba na gida ba.

Ƙananan yara su ma suna cikin lissafi. Ya zama ruwan dare a miƙa wa ɗan yaye salula don ya bar kuka a samu a yi girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon na'ura, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Idan kuma abin ya riga ya faru, kuskure biyu aka fi yi: a biya kuɗin, ko a goge komai don kunya. Wanda aka biya sau ɗaya yana dawowa. Saƙonnin da lambar da aka ce a tura kuɗi su ne hujja, kuma layukan waya a Nijar da takardar shaida ake yi musu rajista. Abin yi shi ne a ɗauki hoton hirar, a daina amsawa, a kai ƙara. Ƴan sandan farin kaya na PJ a Yamai suna da sashen laifukan intanet, rundunar ƴan sanda tana da sashen kare mata da ƙananan yara, a jihohi kuma ana iya farawa daga kwamisariya ko jandarmomi mafi kusa.

Akwai wani tsari mai suna Take It Down da wata cibiyar kare yara ta Amurka ta buɗe a 2023. Kyauta ne, ba ya neman suna, kuma hoton ba ya barin salular: ana ciro masa wata lamba ce kamar zanen yatsa, wadda Facebook da Instagram da TikTok ke amfani da ita su gano shi su cire in an ɗora. Bai kai ga saƙonnin WhatsApp ba, saboda a rufe suke tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Bai kai ga katin memwar da ke rumfar caji ba, ko salular da ke zagaye fada da dare. Kwafin da ke can, sai wanda ke riƙe da shi ya sa yatsa ya goge.